Sharhi kan Arcsaber 11 Play da zaren BG65: laba nawa ya kamata a ɗaure?

Wata takwas ke nan ina buga badminton da raket ɗin Yonex Arcsaber 11 Play, sau uku a mako, yawanci wasan bibbiyu. A tsawon wannan lokaci an sake masa zare sau huɗu, ana auna tsaurinsa da laba: laba 22, sai 24, sai 26, sannan na koma 24. Ra'ayina shi ne raket ne da ya dace da wanda ya wuce koyo amma bai kai shiga gasa ba, kuma rabin daɗinsa yana ga yadda aka ɗaure zaren.

Nauyinsa 4U ne, wato giram 80 zuwa 84 kafin a sa zare. A tsarin Yonex, 3U giram 85 zuwa 89 ne, 5U kuma 75 zuwa 79. Lambar na hawa, nauyi na sauka. Haka mariƙi ma, G5 ya fi G4 siranta. Idan kana shakka ka ɗauki siriri, domin ana iya naɗa masa tef ya yi kauri, mai kauri kuwa ba shi da magani.

Abin da ya fi giram muhimmanci shi ne inda nauyin ya taru. Ka ɗora sandar raket a kan yatsa har ya tsaya cak, ka auna daga gindin mariƙi zuwa yatsar. Wajen milimita 285 zuwa 295 matsakaici ne, sama da haka kai ya yi nauyi. A raketocin Yonex, jerin Astrox masu nauyin kai ne, Nanoflare masu sauƙin kai, Arcsaber na tsakiya. Wannan tsaka-tsakin ne ya sa nake yaba shi a wasan bibbiyu: idan aka sauko maka da simash, wato bugun ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, a ƙirji ko a kwatangwalo, kan raket yana isa wurin da wuri, kuma buge-bugen kwance da ake musaya a tsakiyar fili ba sa gajiyar da wuyan hannu. Inda ya gaza a fili yake. Simash ɗinsa ba shi da nauyin na Astrox, don haka wanda aikinsa tsayawa a baya ya yi ta narka duka zai ji kamar an rage masa wani abu. Sandarsa tana da matsakaicin lanƙwasa, tana lotsawa ta dawo ta ƙara wa bugu ƙarfi ko da hannu bai da saurin kirki. Masu sanda mai tauri, irin Arcsaber 11 Pro, sai hannun da zai iya lanƙwasa su, in ba haka ba kamar da katako kake bugu.

Yanzu maganar zare, wadda a nan ne mutane suka fi cutar da kansu. Da yawa sun ɗauka tsauri shi ne ƙarfi, saboda sun ji manyan 'yan wasa na ɗaure laba 30 ko fiye. Al'amarin a juye yake. Zare mai ɗan sassauci yana lotsawa idan shatil, wato ƙwallon badminton, ya faɗa masa, ya cilla shi da kansa, kuma cibiyar da ke ba da bugu mai daɗi tana da faɗi. Duk labar da ka ƙara, cibiyar nan na tsukewa. Idan ka same ta, bugun na fita tsaf, da ƙara mai kaifi, ya tafi inda ka nufa. Idan ka kuskure ta da faɗin yatsa biyu, shatil ya mutu a tsakiyar fili, girgizar kuma ta bi sanda ta sauka a gwiwar hannu da kafaɗa.

A laba 22 komai na zuwa da sauƙi. Dogon bugu daga ƙarshen fili zuwa ƙarshe, mita 13.4, yana isa ba tare da ka yunƙura ba, sai dai a bakin raga shatil na ɗan tsalle fiye da yadda ka so. A 24 wannan tsallen ya ragu ƙwarai, tsawon bugu bai ragu yadda za a damu ba. A 26 wasan raga ya yi kyau matuƙa, amma bugun bayan hannu ya gajarta, kuma a zagaye na uku, lokacin da ƙafa ta fara nauyi mutum na isa wurin shatil a makare, kowane kuskure sai ya bayyana. Shi ya sa na tsaya a 24. Gwajin da nake ba kowa shi ne: ka yi dogon bugu goma a jere bayan ka gaji. Idan waɗanda suka isa layukan baya ba su kai bakwai ba, ka rage laba biyu. Sabon shiga ya fara daga 20 zuwa 22. Iyakar da aka rubuta a jikin wannan raket laba 27 ce, kuma wuce ta na nufin ka ɗauki alhakin karyewarsa da kanka.

BG65 kaurinsa milimita 0.70 ne, ya jure wahala, shi ya sa na zaɓe shi. Ƙararsa ba ta da zaƙi, kuma yana saki kafin ya tsinke, har ma sai mutum ya daɗe yana wasa da mataccen zare bai sani ba. BG80, mai 0.68, ya fi kaushi da kama shatil. BG66 Ultimax, mai 0.65, ya fi cillawa da daɗin ƙara, amma idan kana yawan bugawa da gefe kusa da firam, wato da'irar kan raket da ke riƙe zaren, ba zai yi maka kwana da yawa ba. Siririn zare a laba 26 a hannun mai kuskuren cibiya asarar kuɗi ce kawai.

Irin shatil ma na da ta cewa. Na roba, kamar Mavis 350, ya fi na gashi tauri a kan zare, don haka a rage laba ɗaya ko biyu. A zafi irin namu shatil na gudu fiye da ƙima, sai a nemi mai koren zobe, wanda aka yi domin yanayin zafi. Shuɗi matsakaici ne, ja na ƙasashen sanyi. Kada a bar raket cikin mota a rana, zafin na sassauta zare kuma yana raunana firam.

Wurin mai ɗaurewa, ka tambayi irin injinsa. Na lantarki yana ci gaba da ja har zaren ya gama miƙewa, na hannu kuwa yana kullewa da zarar ya kai lambar, shi ya sa 24 ɗin wannan ba 24 ɗin wancan ba ne, bambancin kan kai laba ɗaya ko biyu. Ka riƙe mutum ɗaya domin lambobinka su zama masu ma'ana. Masu ɗaurewa da yawa sukan ƙara laba biyu a zaren kwance a kan na tsaye domin kan raket ya riƙe siffarsa. Ka sa ya duba 'yan robobin da ke cikin hudojin firam kafin ya fara. Wadda ta tsage tana barin zare ya ci jikin firam, daga nan ne yawancin karaya ke farawa. Zaren da ya tsinke a tsakiya bayan ya yi gashi-gashi, tsufa ne. Wanda ya tsinke a sama dab da firam, kuskuren bugu ne ko lalatacciyar roba.

Da zarar zare ɗaya ya tsinke, ka sa almakashi ka yanke sauran nan take, ka fara daga tsakiya kana fita gefe-gefe, tsaye da kwance bi da bi. Idan ka bar shi ya kwana haka, jan da ya rage a ɓangare ɗaya zai karkatar da firam ɗin.