Hattara da masu cewa suna narkar da sankarar mama ba tare da tiyata ba

'Yar'uwa, duk wanda ya ce miki yana da maganin da zai narkar da sankarar mama cikin 'yan makonni, ba tiyata, ba kemo (maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin sankara), ba zaryar asibiti, ki rufe jakarki ki yi gaba. Ku ma maza, miji ko wa ko ɗa, da ku nake, don sau da yawa ku ne kuke biyan kuɗin, ku ne kuma kuke kawo lambar mai maganin da kyakkyawar niyya.

Masu wannan damfara sun cika Facebook da TikTok da WhatsApp, kuma salonsu kusan ɗaya ne. Wani zai saka farar riga ya kira kansa dakta, wani ya ce gado ne, wani ya ce sirri ne da kamfanonin magani suke ɓoyewa. Ba ya neman sakamakon gwaji. Hoton nonon kawai zai ce ki tura, ko ki faɗa masa yadda kike ji, nan take ya yanke hukunci. Sai ya dasa miki tsoro: "Kada ki yarda su taɓa shi da wuƙa, da zarar an yanka zai bazu." Wannan ita ce ƙaryar da ta fi kowace kashe mata. Tiyata ita ce ginshiƙin warkar da sankarar da ba ta yaɗu ba, kuma ɗan naman da likita yake ɗiba da allura ya kai ɗakin gwaji shi ne kaɗai yake tabbatar da ko sankara ce, da kuma wace iri. Ba ma kowace mace ake cire wa nono gaba ɗaya ba. Idan an zo da wuri, sau da yawa ƙullutun kaɗai ake cirewa.

Kuɗin da zai karɓa ba su ne babbar asara ba. Lokaci yake cinyewa. Kwalba ta farko wata guda, ta biyu wata guda, sai ya ce ciwon mai taurin kai ne, a ƙara ta uku mai ƙarfi. Duk wannan zaman, ƙullutun da yake kamar ƙwayar gyaɗa yana girma, yana kama kaluluwar hammata, daga nan ya nufi ƙashi ko hanta ko huhu. A Amurka, matan da aka gano tasu tun tana cikin nono kaɗai, kusan 99 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Idan ta riga ta kai gaɓoɓi masu nisa, adadin yana faɗowa zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsakanin waɗannan biyun ne mai kwalba yake cin kasuwarsa.

An bibiyi abin da ke faruwa da waɗanda suka bi wannan hanya. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun duba bayanan masu sankara iri-iri 281 da suka ƙi maganin asibiti suka rungumi wasu magunguna kaɗai, suka kwatanta su da 560 da suka karɓi maganin asibiti. Dukkansu ciwon bai bazu zuwa nesa ba lokacin da aka gano shi. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa a cikin masu sankarar mama, haɗarin mutuwa ya ninka fiye da sau 5 ga waɗanda suka juya wa asibiti baya.

To waɗancan matan da suke fitowa a bidiyo suna hawaye suna cewa sun warke fa? Wasu biyan su aka yi. Wasu kuma da gaske suke, amma ba sankara ce ta same su ba tun farko, domin mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a nono ba sankara ba ne. Wasu ruwa ne ya taru, yakan baje da kansa. Mace ta ji ƙullutu, ba ta yi gwaji ba, ta sha haɗin mai magani, ƙullutun ya tafi, shi ke nan ta zama shaida. Akwai kuma wadda aka yi wa tiyata a asibiti, daga baya ta sha haɗin, sai aka ba kwalba yabon da ya kamata a ba likitan fiɗa. Waɗanda suka rasu kuwa ba mai ɗaukar su bidiyo. Ki tuna da Belle Gibson ta ƙasar Ostareliya, wadda ta tara ɗimbin mabiya da dukiya tana cewa ta shawo kan sankarar ƙwaƙwalwa da abinci da wasu hanyoyin da ba na asibiti ba. A 2015 ta amsa da bakinta cewa ba ta taɓa yin sankara ba, a 2017 kotu ta ci ta tarar dalar Ostareliya 410,000.

Wasu kayan nasu ma su kansu guba ne. Akwai wani baƙin man shafawa da ake haɗawa da sinadarai masu cin nama, a ce yana "zuƙo" ciwon waje. Abin da yake yi shi ne ƙona fata. Wurin zai kumbura, ya yi baƙi, ya yi ɓawo mai kauri, bayan kwanaki ɓawon ya faɗi ya bar rami yana ruwa yana wari. Idan matar ta kira a firgice, sai a ce mata, "Alhamdulillahi, ai ciwon ne yake fita, ki ci gaba." Alhali naman jikinta ne mai lafiya ya mutu ya faɗo, sankarar tana can ƙasa ba abin da ya same ta. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗi a kansa. Haka abin da suke kira bitamin B17, wanda ake samu daga ƙwallon wasu 'ya'yan itace: a cikin jiki yana sakin gubar sayanaid. An gwada shi a kan marasa lafiya 178 ƙarƙashin jagorancin asibitin Mayo na Amurka, aka fitar da sakamako a 1982. Ba wanda ya warke, wasu kuma sun nuna alamun guba.

Ba ina raina tsirrai ba ne. Paclitaxel, ɗaya daga cikin manyan magungunan kemo na sankarar mama, daga ɓawon wata bishiya aka fara samo shi. Amma sai da aka tace shi, aka auna adadin da jiki zai iya ɗauka, aka gwada shi shekara da shekaru kafin a ba wa mutane. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke ciki ba, ba wanda ya san me za ta yi wa hanta da ƙoda. Ba kuma ina cewa kemo wasa ba ne. Yana zubar da gashi, yana sa amai da kasala, kuma kuɗin asibiti yana karya gida. Na san tsoro da rashin hali ne suke tura mata hannun waɗannan mutane, shi ya sa abin yake ƙona min rai: sun san halin da matar take ciki, a kansa suke kafa tarkonsu.

Idan kin ji ƙullutu, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta canja ta yi ƙananan ramuka, ki je asibiti a duba, ko da babu zafi, don sankarar mama sau da yawa ba ta zafi da farko. Idan kuɗi ne matsala, ki faɗa wa likita kai tsaye, ki tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya da ƙungiyoyin tallafa wa masu sankara. Idan kuma kin riga kin fara shan wani haɗi, kada kunya ta hana ki komawa. Ki ɗauki kwalbar ki kai wa likita ya gani, domin wasu ganyayyaki, irin su St John's wort, suna rage ƙarfin magungunan sankara a jiki. Saƙonnin mai maganin da shaidar biyan kuɗi kuma kada ki goge su. Ki ajiye, ki kai ƙararsa hukumar kula da magunguna ta ƙasarki.