Wata Guda a Titin Moiben: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu a Sansanin Gudu na Iten

Tun da na dawo daga Kenya, abokan guduna da muke haɗuwa a Kabuga bayan sallar asuba ba su bar ni na sarara ba. Kowa tambayarsa ɗaya ce, wato ko kuɗin da na kashe a can kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Na ga ya fi sauƙi in rubuta amsar sau ɗaya, domin bayanin da ake yi ana haki a bakin titin Gwarzo ba ya fita yadda ya kamata.

Sansanin da na zauna ƙaramin masauki ne a garin Iten, irin waɗanda ke karɓar baƙin 'yan gudun famfalaki, kuma a cikin kuɗin da aka caje ni akwai ɗaki, da abinci sau uku a rana, da mai jan gudu wanda zai riƙa shiga gabana, da motar da za ta kai mu titin Moiben sau ɗaya a mako. Iten tana cikin gundumar Elgeyo-Marakwet, kimanin kilomita 35 daga Eldoret, a bisa tudu mai tsayin kusan mita 2,400 daga gaɓar teku. Kano ba ta kai mita 500 ba. Wannan bambanci shi ne ainihin hajar da ake sayarwa a can, ba katifa ko kwanon abinci ba.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Iskar oksijin a kan tudu tana nan a kashi 21 cikin 100 kamar ko'ina, amma nauyin iskar ya ragu zuwa wajen kashi uku cikin huɗu na abin da ake samu a bakin teku, saboda haka kowane numfashi yana shigar da ƙasa da abin da jiki ya saba. Idan ƙoda ta ji wannan ƙaranci sai ta ƙara fitar da wani sinadari da ke sa ɓargo ya yawaita jajayen ƙwayoyin jini, kuma idan mutum ya sauko ƙasa da wannan jini sai ya ɗauki iska fiye da da. Aikin ba na kwana uku ba ne, yana ɗaukar makonni uku zuwa huɗu. Duniya ta farga da wannan sosai ne a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mai tsayin mita 2,240, inda Kipchoge Keino da Naftali Temu na Kenya da Mamo Wolde na Habasha, dukkansu 'ya'yan tudu, suka kwashe zinare a tseren mita 1,500 da mita 10,000 da kuma famfalaki.

A makon farko na gane cewa abin da na karanta a takarda daban yake da abin da huhu ke faɗa. A gida ina cin kilomita ɗaya a minti biyar ina hira da na kusa da ni, amma a safiyata ta biyu a Iten sai da na kai minti shida da rabi ina jin kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya. Barci ya ƙi zuwa, kai yana sarawa, maƙogwaro a bushe kamar lokacin hunturu. A nan ne na fara ganin amfanin mai jan gudun da aka haɗa ni da shi, wani matashi ɗan ƙabilar Kalenjin marar yawan magana. Duk lokacin da na yi yunƙurin ƙara sauri don kada in ji kunya, sai ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, ya ce da ni “pole pole”, wato sannu a hankali da harshen Suwahili. Kwana bakwai ya hana ni yin gudun ƙarfi, kuma a lokacin na ji haushinsa, domin gani nake kuɗina ne ke tafiya a banza. Daga baya na ga wani baƙo da ya ƙi jin irin wannan shawara ya shafe mako na biyu a kwance.

Yanzu sai batun titin kansa, wanda saboda shi na zaɓi wannan sansani. Hanyoyin cikin Iten yawancinsu na jar ƙasa ne, hawa da gangara ba iyaka, suna da kyau wajen gina ƙarfin ƙafa amma ba sa barin mutum ya riƙe sauri ɗaya na tsawon lokaci. Titin Moiben shi ne maganin wannan. Yana ratsa gonakin masara da alkama na yankin Uasin Gishu, tudunsa ya ɗan gaza na Iten ko da yake yana sama da mita 2,000, kuma hawansa mai laushi ne, irin wanda ido ba ya gani sai cinya ta ba da labari. Saboda haka can ake zuwa idan ana son a yi kilomita 30 ko 35 da saurin da za a yi a ranar gasa.

Motar sansani takan ɗauke mu tun da duhu, ni kuwa nakan yi sallar asuba a kan ɗan kilishina a gefen titi yayin da sauran ke ɗaure igiyar takalma. Sanyin wurin a wannan lokaci yana kai mutum ga sanya safar hannu, duk da cewa garin yana dab da layin da ya raba duniya biyu. Da gari ya fara wayewa sai ka ga motoci sun jeru, kowace da tawagarta, mutum ashirin ko talatin, babu kiɗa, babu ihu, babu mai ɗaga waya yana ɗaukar kansa hoto. Ranar farko wata tawaga ta wuce ni a wajen kilomita na takwas, kuma abin da na ji kawai shi ne sautin tafin ƙafa yana sauka a tare kamar ana sussuka, sai muryar direbansu yana kiran lokaci ta taga. Kafin in ƙirga ashirin sun zama ɗigo a gabana. Na tambayi mai jan guduna ko fitattu ne, ya ce a'a, yawancinsu ba su taɓa fita daga ƙasar ba.

Wannan shi ne abin da ba mu da shi a Kano, kuma ba tudu kaɗai nake nufi ba. A titin Gwarzo mutum yana gudu yana kaffa-kaffa da adaidaita sahu da tirela, yana shaƙar hayaƙi, ƙarfe bakwai na yi kuwa rana ta kore shi. A Moiben babbar barazana ita ce tarakta ko garken shanu, kuma direbobin yankin sun saba da masu gudu har suna ratse musu. Kowane kilomita biyar motarmu takan matso, a miƙo wa kowa gorarsa ta taga ba tare da ya tsaya ba. A ganina wannan hidima ta mota da mai jan gudu ita ce ta cancanci mafi yawan kuɗin da na biya.

Sai dai a nan ɗin ne kuma aka ɓata mini rai. A mako na uku, ranar da zan yi kilomita 32, sansanin ya haɗa mu da waɗansu sababbin baƙi uku da suka fi ni sauri nesa ba kusa ba, mota kuwa ɗaya ce. Direba ya bi su, ya bar mu a baya ni da mai jan guduna, tun daga kilomita na 15 har zuwa na 27 ban ga ɗigon ruwa ba, ga rana ta fito, kuma ranar tudu tana ƙona fata ko da iska tana da sanyi. Na ƙarasa da tafiya, leɓɓana sun tsattsage. Da na kai kuka wurin mai kula da sansanin ya ba ni haƙuri, kuma mako na gaba ya ɗauko mai babur ya bi ni da gorata, amma bai rage mini ko sisi ba. Duk wanda zai je, ya tambaya tun kafin ya tura kuɗi: mutum nawa ne a mota ɗaya, kuma ana raba su gwargwadon saurinsu ko kuwa a'a.

Ɗaki ba yabo ba fallasa, akwai tsafta da bargo mai kauri, ruwan zafi kuwa sai ya ga dama. Abinci ya yi mini daidai fiye da yadda na zata, domin ugali ɗan'uwan tuwon masara ne, sai dai ya fi tauri kuma ba a haɗa shi da miya mai yauƙi, da ganyen da suke kira sukuma wiki ake ci. Akwai wake, da ƙwai, da shayi mai madara safe da yamma, da kuma mursik, nonon Kalenjin mai tsami da ake ajiyewa a cikin gora da ɗan gawayi, wanda ya tuna mini da kindirmo. Nama ne na yi taka-tsantsan da shi, domin mafi yawan mutanen garin Kirista ne, sai da muka shirya da mai dafa abinci ina sayowa daga mahautan Musulmi a Eldoret idan na je sallar Juma'a. Da na sani da na taho da kilishi da yaji fiye da abin da na ɗauko.

Akwai gargaɗi ɗaya da babu wanda ya yi mini a sansanin, alhali ya shafe mu fiye da baƙin Turai. Mutane da yawa a ƙasarmu suna ɗauke da rukunin jini na AS ba tare da wata alama ba, kuma motsa jiki mai tsanani a kan tudu yana iya jawo wa irinsu matsala a saifa. Kocinmu na filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ne ya tsare ni kafin tafiya, ya ce, “Malam, ba za ka hau jirgi ba sai na ga takardar gwajin sikila da ta yawan jininka.” Ya yi gaskiya ta fuska biyu, domin wanda ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki ma ba zai ƙera sababbin ƙwayoyin jinin da ya je nema ba.

Na sauko kwana goma sha biyu kafin gasar famfalaki ta Legas, wadda aka fara a 2016 kuma galibi ake yin ta a watan Fabrairu. Gudun farko da na yi a Kano bayan dawowa ya zo mini da sauƙin da ban taɓa ji ba, har na hau matattakalar Dutsen Dala ina magana. A Legas kuwa na rage minti tara daga lokacina na baya a kilomita 42.195, amma bayan an sauka daga gadar Third Mainland zafi da gumin bakin teku suka kama ni, abin da sanyin Iten bai shirya ni a kansa ba ko kaɗan. Ban kuma isa in rantse cewa tudu ne kaɗai ya ba ni minti taran nan ba, tunda wata guda na yi ba kasuwa, ba zirga-zirgar biki, sai gudu da ci da barci.

Saboda haka ga wanda ya riga ya shekara biyu ko uku yana gudu mai nisa, yana da gasa a gabansa, kuma zai iya zama makonni huɗu cif, ina ganin hidimar ta cancanci kuɗinta, muddin ya daidaita batun mota. Wanda kwana goma kawai yake da su zai dawo ne daidai lokacin da jikinsa ya fara sabawa, ya yi asarar kuɗin jirgi daga Kano zuwa Addis Ababa zuwa Nairobi. Irin wannan gara ya shiga mota zuwa Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ko ya ƙarasa Pankshin, inda da yawa daga cikin gwanayen gudu mai nisa na Nijeriya suka fito. Mu huɗu daga tawagar Kabuga mun riga mun sa ranar zuwa can bayan Babbar Sallah, kuma mun yi magana da mai babur ɗin da zai riƙa bin mu da ruwa.