Nono ya yi tauri bayan dashen roba: wace tiyata ta cancanci kuɗinki a Accra ko Kumasi?

Duk macen da aka sa wa robar nono, don kwalliya ne ko bayan an cire nono saboda cutar kansa, jikinta yakan saƙa siririyar jakar tabo ya lulluɓe robar. Wannan ba ciwo ba ne, haka jiki yake yi wa duk baƙon abu. Damuwa tana farawa ne idan jakar ta yi kauri ta fara tsukewa. Nonon ya haura sama, ya dunƙule kamar ɗanyen mangwaro, ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa a cikin riga, kwanciya rub-da-ciki ta gagara.

Likitoci suna auna abin da ma'aunin Baker, mai mataki 4. Na 1 laushi ƙalau, na 2 ɗan tauri amma ido ba ya gani. Na 3 tauri da karkacewa, na 4 ga tauri ga ciwo. A na 3 da na 4 ne akasari ake maganar wuƙa. Idan kina mataki na 2 wani ya matsa miki lallai sai an shiga ɗakin tiyata mako mai zuwa, je ki ji ta bakin wani likitan.

Cikin hanyoyin maganin, mafi araha shi ne mafi muni: a danne nonon da ƙarfin hannu daga waje har jakar ta fashe. An yi yayinsa a da, yanzu an bar shi, don yana iya fasa robar ko ya tara jini a ciki. Ko kyauta aka ce miki, ki ce kin gode. Tausa da man shafawa ba sa warware jakar da ta riga ta yi kauri. Akwai kuma magungunan asma, montelukast da zafirlukast, da wasu likitoci ke gwadawa a farkon matsalar; hujjar amfaninsu ba ta da ƙarfi, na biyun kuma yana iya taɓa hanta.

Tiyatar gaske iri biyu ce. Ko dai a buɗe a tsattsaga jakar daga ciki don robar ta sami sarari, ko a cire jakar, wani ɓangare ko gaba ɗaya. Tsagawa ta fi sauri, jini kaɗan, jinya gajera. Cirewa ta fi tsada da ɗaukar lokaci, sau da yawa za ki koma gida da siririn tiyo mai tsiyayar ruwa na 'yan kwanaki. Amma idan jakar ta yi kauri sosai, ko ta sandare, ko robar silikon ta fashe a ciki, cirewa ce hanya. Dalili kuwa, cikin abubuwan da ake zargi da haddasa tsukewar akwai ƙwayoyin cuta da ke manne wa jikin robar ba tare da zazzaɓi ko ruɓa ba. To in aka tsaga jakar aka mayar da tsohuwar roba a tsohon gurbinta, me aka canza? Shi ya sa, a ganina, tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci ita ce: za a sa sabuwar roba? Kuma idan ta farko tana saman tsokar ƙirji, za a mayar da ita ƙarƙashin tsoka? Canjin gurbin yana rage dawowar matsalar, ko da yake babu likita mai gaskiya da zai rantse miki ba za ta dawo ba.

Akwai zaɓin da ba a cika tallatawa ba: a cire roba da jakarta, a haƙura da roba. In fata ta saki sai a ɗaga nonon, ko a ɗebo kitse daga ciki ko cinya a cike. Ga wadda abin ya dawo mata karo na biyu, wannan ba faɗuwa ba ce. Wadda kuma aka yi wa gashi a asibiti saboda cutar kansa lissafinta daban ne, don shi gashin yana ƙara haɗarin tsukewa. Ita a tattauna gina nono da naman jikinta, daga gadon bayanta ko daga cikinta.

Kafin ki je, nemo katin robar da aka ba ki, mai sunan kamfani da lamba, musamman in a Turkiyya ko Dubai aka yi aikin. A 2019 kamfanin Allergan ya janye robarsa mai kaushin baya, Biocell, saboda alaƙarta da wata kansa da ba ta cika faruwa ba, wadda ke tasowa a cikin jakar tabon. Nonon da ya kumbura farat ɗaya shekaru bayan dashe yana buƙatar hoto da gwajin ruwan kafin a taɓa shi. Katin kuma yana iya rage miki kuɗi, don wasu kamfanoni suna ba da sabuwar roba idan tsukewar ta kai mataki na 3 ko 4 cikin wa'adin garanti.

A Accra, asibitin Korle Bu yana da cibiyar ƙasa ta tiyatar gyaran jiki da ƙuna. A Kumasi akwai sashen irin wannan aiki a Komfo Anokye. In asibitin kuɗi za ki, tabbatar likitan yana rajistar Medical and Dental Council, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Ghana, a matsayin ƙwararren likitan gyaran jiki, wurin kuma yana da lasisin HeFRA, hukumar da ke ba asibitoci lasisi. Hotunan Instagram da shaidar ƙawa a wajen biki a Nima ko Aboabo ba lasisi ba ne.

Katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, ba ya biyan tiyatar kwalliya, saboda haka ki sa a rubuta miki komai a takarda: kuɗin likita, na mai allurar barci, ɗakin tiyata, gado, sabuwar roba, gwajin jakar da aka cire, da ganin likita bayan aiki. Robar daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala, ki tambayi kwana nawa adadin sidin (kuɗin Ghana) da aka faɗa miki zai tsaya. Ki kuma tambayi wa zai biya in jini ya taru aka koma ciki.

Sigari da shisha sai an ajiye su makonni kafin aiki. Mai fatar da tabo ke tudu a kanta ta faɗa tun farko, a bi tsohon yankan in zai yiwu. Sannan Hajiya, a duba kalanda: kusan mako 6 ba ɗaga kaya mai nauyi, ba jan dilar atamfa a Makola ko Kejetia, don haka kada a sa rana dab da bikin 'ya ko tafiya Hajji.