Sharhi Kan Ƙarfen Gugar Wuƙa Bayan Na Yi Aiki Da Shi A Kicin

Sana'ata dafa abincin biki da suna ce a Agege da ke Legas, saboda haka wuƙa ba ta barin hannuna tun daga kayan miyan da nake sarowa a kasuwar Mile 12 har zuwa naman da nake ɗaukowa a mayankar Oko-Oba. A wajen mahautan wannan mayanka na fara lura da wani siririn ƙarfe mai mariƙi da suke goga wuƙa a jikinsa kafin su ci gaba da yanka, kuma da na tambayi mahaucin da nake ciniki da shi, sai ya ce mini: "Hajiya, wannan ba ya wasa wuƙa, kaifin da ke jikinta yake tsare miki." Na sayi irinsa a wani shagon kayan girki kusa da Idumota, mai tsawon inci 12 da siraran layuka a jikinsa, na yi aiki da shi tun daga rani har damina ta sauka.

Maganar mahaucin nan gaskiya ce, kuma ita ce ta kamata mai saye ya fara sani. Bakin wuƙa siriri ne ƙwarai, duk lokacin da ya bugi katako ko ya taɓa ƙashi yakan ɗan lanƙwashe gefe guda, lanƙwasar da ido ba ya gani, sai mutum ya ji wuƙa ta dakushe alhali kaifin yana nan, kwantawa kawai ya yi. Aikin ƙarfen shi ne ya tayar da wannan baki ya miƙar da shi. Dutsen washi da injin masu yawo suna wasa wuƙa kuwa cin ƙarfe suke yi su fitar da sabon baki, shi ya sa wuƙar da ake yawan kai musu take sirancewa har ta koma kamar tsinke.

Yadda nake yi shi ne in kafa kan ƙarfen a bisa katako, in karkata wuƙar kimanin digiri 15 zuwa 20, sannan in jawo ta a hankali daga gindi zuwa tsini, sau biyar ko shida kowane gefe, ba tare da dannawa ba. Saurin da mahauta suke yi a iska yana da ban sha'awa, amma sabo ne na shekaru, kuma ba saurin ne ke gyara baki ba, riƙe karkatar daidai ne. Da tumatir nake gwadawa. Kafin gugar, wuƙar takan zame a kan fatarsa ta matse shi har ruwa ya fito. Bayan gugar, da ta taɓa fatar sai ta shige, yankan ya fita sumul, 'ya'yan suna zaune a wurinsu. A albasa ma na ga bambanci, domin wuƙa mai kaifi ba ta murƙushe ta, yajin da ke tashi zuwa ido yana raguwa. Idan na gama nakan share wuƙar da tsumma mai ɗan danshi, kuma baƙin layin da ke fitowa a tsumman ya isa ya nuna cewa bai kamata a tsallake wannan mataki a kai wuƙa kan abinci ba.

Babbar wuƙata ƙirar kamfanin Victorinox ce ta fi jin daɗinsa, domin ƙarfen wuƙaƙen Turai irinta yana da ɗan taushi, taurinsa kan tsaya wajen 56 zuwa 58 a ma'aunin Rockwell, lanƙwashewa yake yi ba tsinkewa ba. Wuƙaƙen Japan da yawa taurinsu ya kai 60 ko ya wuce, kuma ƙarfe mai layuka irin nawa yana iya ɓantare musu baki, don haka magogin da aka yi da tangaran ya fi dacewa da su. Wuƙar burodi mai haƙora ba ta cikin lissafi.

Inda ban ji daɗin ƙarfen gugar ba shi ne mariƙin, wanda roba ce mai santsi da ke zamewa idan hannu ya taɓa mai, ga shi abin da ke kare yatsu ƙarami ne. A ganina wannan babban aibi ne a kayan da ake haɗawa da wuƙa, kuma ina shawartar mai saye ya riƙe shi a hannu ya ji kafin ya biya. Danshin Legas ma bai bar shi ba: da damina ta yi nisa na ga ɗigon tsatsa a cikin layukan, inda kitse da ruwa suke maƙalewa, sai na koma wanke shi da sabulu, in busar da shi nan take, in rataye shi nesa da wurin wanke-wanke.

Wuƙar da ta mutu murus ko ta ɓantare, ko an kwana ana goga ta ba za ta farfaɗo ba, sai an kai ta ga dutse. Har yanzu ina kai nawa washi, amma tazarar ta koma watanni maimakon makonni, kuma a kan wannan kaɗai ya biya kuɗinsa. Idan zan sake saye, mai mariƙin da ba ya santsi zan nema.