Keken guragu mai ninkewa da na saya wa ɗana don zuwa makaranta

Irin wanda kowa ya sani ne: ƙarfe mai ƙyalli, mazauni na baƙar leda, manyan tayoyi biyu a baya, ƙanana biyu a gaba, in ka ja tsakiyar mazaunin sama sai ya ninke. A wani shagon kayan asibiti na saye shi a nan Kano, sabo dal a kwali. Ba sai na faɗi kuɗin ba, duk wanda ya taya keken guragu a bana ya san inda dala ta kai shi.

Ɗana ne mai hawa. Shekararsa goma, yana aji huɗu, an haife shi da lalurar laka, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi kuma ba ya jin taɓi sosai. Da can goyo ne da ɗauka, to yanzu ya yi wa mahaifiyarsa nauyi, shi ma kuma ya fara jin kunyar a sauke shi daga baya a gaban 'yan ajinsu.

Zan faɗi alherinsa tukuna. Ninkewar nan ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ba shi da mota. Masu A Daidaita Sahu ba sa yi mana gardama, a naɗe shi a tura ciki, yaro ya zauna, a tafi. A kan siminti kuma yana tafiya sumul, birkinsa yana kamawa. Da a zangon farko aka tambaye ni, da na ce a saya ba tare da wani tunani ba.

Sai ranar da ya kayar min da yaro.

A ƙofar makarantarsu akwai kwata da aka rufe da falankan siminti, tsakanin falanki da falanki akwai 'yar tazara, daga nan kuma sai yashi har bakin aji. Abokansa ne ke tura shi, kuma yara ba sa tura abu a hankali. Ƙaramar tayar gaba ta faɗa cikin tazarar nan, keke ya tsaya cak, yaro bai tsaya ba. Da fuska ya sauka. Leɓe ya fashe, haƙorin gaba ya ɓantare, rigar makaranta duk jini. Malamin da ke tsaron ƙofa ne ya kira ni. Da na isa, abin da ya fi damun yaron shi ne kada in yi wa abokinsa faɗa, sai cewa yake, "Abba, ba laifinsa ba ne, tayar ce ta maƙale." Kuma gaskiyarsa. Tayar gaban siririya ce, tauri gare ta, ba ta kai kaurin yatsu biyu ba, duk ramin da ta samu sai ta shige. Tsakaninta da tayar baya kuma ba nisa, ga matakin ƙafa ya yi gaba, don haka da zarar ta cije, nauyin gaba ɗaya sai ya rinjaya ta fuska. Babu ɗamarar da za ta riƙe shi a kujera, ba a sa ko ɗaya a kwalin ba.

Ƙarfen da ke riƙe da tayar ya lanƙwashe a faɗuwar, keken ya koma tafiya a karkace. Na mayar da shi shagon. Mai shagon ya duba ya ce, "Ai Alhaji, wannan na cikin asibiti ne, ba a yawo da shi a unguwa." Subhanallahi! Ranar da na zo saye na gaya masa da bakina cewa na ɗan makaranta ne, na faɗi shekarunsa, ya ce wannan ne daidai, har yana rantsuwa da ƙarkonsa. Yanzu ba garanti, ba kuma tayar canji, wai su ba sa kawo kayan gyara, sai dai in sayi wani. Mai gyaran keken unguwarmu ya juya shi ya ce boris ɗin ba irin na keken hawa ba ne. Mai walda ne ya gasa ƙarfen ya miƙar da shi, yana tafiya, amma har yau tayar tana rawa in an yi sauri.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tsautsayi ne, na bar wa Allah. Abin da ya sa na sauya ra'ayi gaba ɗaya ya fito ne a sashen gashin ƙashi na asibiti, inda muke kai yaron dubawa. Likitar ta kwantar da shi ta ga wani jan tabo a mazaunansa, gefe guda, ta danna da yatsa bai washe ba. Ta ce a shigo da keken. Tana ganinsa ta girgiza kai. Faɗin mazaunin inci 18 ne, ma'aunin babban mutum. Yaro ɗan shekara goma a ciki kamar an jefa gyaɗa ɗaya a kwano, dole ya kishingiɗa gefe ya nemi abin jingina, nauyinsa duka ya tattaru a kan ƙashi ɗaya. Ledar kuma ta saki, ta yi rami a tsakiya. Zurfin mazaunin ya wuce tsawon cinyarsa, bakin yana tokarar bayan gwiwa, shi ya sa yake zamowa gaba. Ƙafafunsa ma ba sa kaiwa mataki, a sama suke lilo. Mai lafiya in zama ya ishe shi zai ji zafi ya gyara. Shi ba ya ji. Daga safe har a tashi yana zaune a kan wuri ɗaya, jini ba ya zagayawa, fata tana mutuwa daga ciki. Haka gyambon zama yake farawa, kuma a wurin masu lalurar laka yana iya cin nama har ƙashi, yana iya kisa. Allah ya sa an gani da wuri, amma sai da ya yi makonni a gida yana kwanciya rub da ciki, jarrabawar gwaji ta wuce shi.

A bakinta na fara jin cewa keken guragu ana auna shi ne a jikin mutum kafin a ba shi. Faɗin ya zo daidai ƙugu, a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa, tafin ƙafa ya zauna daram a kan mataki, sannan wanda ba ya jin taɓi dole a haɗa masa da matashin rage dannuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin wannan tun 2008 musamman don ƙasashe irin namu, kuma a cikin sharuɗɗan har da cewa keken ya dace da ƙasar da za a tura shi a kai, ya zama ana iya gyara shi a inda mutum yake. Nawa bai cika ko ɗaya ba. Mai shago kuwa ko tef ɗin awo babu a teburinsa.

A cikin aji ma da matsalarsa. Madogaran hannu ba sa cirewa, ba sa kuma shiga ƙarƙashin tebur, sai da kafinta ya yanka masa katako yana ɗorawa a kai yana rubutu. Ƙofar banɗaki ta fi keken ƙunci. Wannan kam ba zan ɗora wa keken shi kaɗai ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, mu dai har yanzu matakala biyu ake ɗaga shi kafin ya shiga aji.

Shugaban makarantar, Allah ya saka masa, ya sa an cike tazarar kwatar bayan faɗuwar. Ya kuma kira ni lokacin da ƙungiyar iyaye da malamai ta so sayen kekuna don wasu yara, har an kawo musu farashin irin nawa, wai za a yi ragi in an ɗauki da yawa. Na ce kada su kuskura. A fara kai kowane yaro a auna shi, don wanda shan inna ta taɓa, hannuwansa da bayansa da ƙarfi, buƙatarsa daban da ta ɗana. Irin wannan yaron keken hannu mai taya uku da ake ƙerawa a nan Kano ya fi masa: da kaca da tayar keken hawa ake haɗa shi, kowane mai faci zai gyara, yashi ba ya tsayar da shi. Aibinsa tsawo, ba ya juyawa a cikin aji. Na kuma ce duk wanda zai sayar musu, ya fara ajiye tayar gaba ta canji a kan tebur su gani, kuma a gwada keken a filin makarantar da yaro a kai kafin a biya. Gangaren shiga aji ma a yi shi a kwance sosai, duk tsayin inci ɗaya a ba shi tsawon inci 12, in ba haka ba wani haɗarin aka gina.

Namu yana nan muna lallaɓawa. Kafinta ya sa masa katako a madadin ledar, mun ɗora matashin da likitar ta nuna, an cike gefe da gefe da soso, tela ya ɗinka ɗamara, an ɗaga matakin ƙafa da guntun katako. In ka haɗa kuɗin gyare-gyaren nan da na likitan haƙori, da an sayi na yara mai kyau tun farko. Ga mai jinyar tsoho da ke son abin kai shi daga ɗaki zuwa mota, ba laifi, zai yi aikin. Yaron da zai wuni a kai a makaranta mai yashi kuwa, ko kyauta aka ba ku ku kai shi a auna tukuna.