Zanzibar: A wace kasuwa za ka kashe kuɗin tsarabarka?

Bahaushe ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana. Ko hutun mako guda ka je tsibiran Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, iyaye da surukai da maƙwabta suna nan suna jiran tsaraba, ga shi kilon da jirgi ya yarda ka ɗauka ƙayyadadde ne. Kasuwannin Unguja, babban tsibirin da yawancin baƙi ke sauka, iri-iri ne, kuma abin da za ka saya da araha a wata kasuwa shi ake tsawwala wa kuɗi a wata, ko da tsakaninsu bai wuce tafiyar minti goma a ƙafa ba.

Idan a wuri ɗaya kawai za ka yi sayayya, ka tafi Darajani. Tana bakin tsohon gari, wato Stone Town, an gina ta a 1904, kuma har yau nan mutanen gari ke cefane. Ɓangaren kifi da nama sai mai juriyar ƙarni, amma da ka wuce shi za ka faɗa cikin masu kayan ƙamshi: kanumfari, kirfa, gyaɗar ƙamshi, citta, kurkum, vanila. A nan ne ake buƙatar lura. Teburan da ke fuskantar hanyar baƙi suna ƙulla kayan a ƙananan fakiti masu ban sha'awa, kala goma a jere, kowanne bai fi cokali biyu ba. Kyan gani kawai ka saya. Ka shiga ciki wajen masu awo, ka ce a auna maka rabin kilo ko kilo, ka shinshina kafin ka biya. Kanumfari mai kyau yana da nauyi da maiƙo, idan ka datse shi da farce za ka ga danshin mai. Shi ne kayan da tsibiran suka yi suna a kai tun ƙarni na 19, kodayake mafi yawansa a tsibirin Pemba ake nomawa. Wanda ba a niƙa ba ya fi gari, don ba ka san abin da aka haɗa a garin ba, kuma ƙamshinsa ya fi daɗewa. Za a kuma nuna maka za'afaran mai arahar banza. Ba a noma za'afaran a Zanzibar, ka wuce abinka.

Gonakin kayan ƙamshi na wajen gari, irin na Kizimbani da Kidichi, wurin zuwa ne don kallo da ilimi: ka ga vanila tana nannaɗe da bishiya, a ɓare maka ɓawon kirfa a gabanka. A ƙarshen zagayen akwai teburin sayarwa, kuma a lokacin kunya ta riga ta kama ka saboda hidimar da aka yi maka. Ka sayi ɗan abu kaɗan, ka ba ɗan rakiya na goro, babbar sayayyar ka bar ta sai Darajani.

Ga tsarabar mata, ban ga abin da ya kai kanga dacewa ba. Zanen auduga ne mara nauyi, ana sayar da shi bibbiyu a haɗe, ɗaya a ɗaura ɗaya a yafa, kuma goma ma ba za su cinye maka kilo ba. Shagunan da ke layukan kewayen Darajani, inda matan gari ke saye, sun fi na cikin tsohon gari sauƙin kuɗi da yawan zaɓi. Sai dai kowace kanga tana ɗauke da rubutu da Swahili a gefenta. Wasu addu'a ce ko godiya ga Allah, wasu kalaman soyayya, wasu kuwa habaici ne tsagwaronsa, irin wanda ake yi wa kishiya ko maƙwabciya mai gulma. Ka sa mai shago ya fassara maka kowace ɗaya kafin ta shiga jaka, kada ka kai wa surukarka gugar zana ba ka sani ba. Maza kuma akwai kikoi, wato zanen ɗaurawa na maza, da hular da suke kira kofia. Ta hannu tana da tsada, ta inji kuwa ko'ina ana samu.

Cikin tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, layin Gizenga da na Hurumzi da titin Kenyatta cike suke da shagunan kayan sana'ar hannu, haka ma harabar tsohuwar ganuwar da ake kira Ngome Kongwe. Yawo a nan yana da daɗi, amma kashi mai yawa na kayan ba 'yan tsibirin ba ne. Daga babban yankin Tanzaniya da Kenya da Indiya ake kawo su. Takalmin fata da jaka da duwatsun wuya, wanda ya san kasuwar Kurmi ba zai ga abin ɗaukowa ba. Zanen Tingatinga, salon da Edward Tingatinga ya fara a Darussalam a ƙarshen shekarun 1960, yana da kyau, sai dai yawancinsa dabbobi ne da tsuntsaye, haka ma sassaƙen mutum-mutumi, kuma ba kowane gida namu ne zai rataye su a falo ba. Abin da ya fi zama na Zanzibar shi ne ƙananan akwatunan katako masu adon tagulla, da firam ɗin madubi da aka sassaƙa irin na shahararrun ƙofofin garin. Idan an ce maka katako na mpingo ne, wato wani baƙin icce mai nauyi, ka ɗaga ka ji nauyi, ka goga da yatsa. Wasu man takalmi ne aka shafa wa farin katako.

Ciniki a waɗannan layuka sai da taya. Akwai 'yan manyan shaguna masu farashi a rubuce, kamar Memories of Zanzibar a titin Kenyatta. Ka fara leƙa irinsu ka ga kuɗin kaya, sannan ka fita ka taya ƙasa da haka. Ka riƙe shilin na Tanzaniya, da canji ƙanana. Kuma ka shiga shago kai kaɗai: matasan nan da ake kira papasi, masu manne wa baƙo da sunan nuna hanya, la'adarsu a kan kuɗin kayanka ake ɗora ta. Ranar Juma'a da rana shaguna da dama suna rufewa don salla, a watan azumi ma harkar rana takan lafa.

Masu talla a bakin teku a ƙauyukan Nungwi da Kendwa na arewa da Paje na gabas su ne mafi tsada, kayan kuma su ne dai na gari. Abin da ya cancanci saye a gabas shi ne sabulu da man shafawa da matan Paje ke yi da ciyawar teku da suke nomawa. Mai neman gwanjo, wanda suke kira mitumba, sai ya hau motar haya ta daladala zuwa Mwanakwerekwe a wajen gari, amma ban ga dalilin ɗauko gwanjo daga Zanzibar zuwa Kano ba.

Kasuwar dare ta Forodhani ta abinci ce, ba ta tsaraba ba. Da magariba ake jera tebura a lambun bakin teku: tsiren mishkaki, miyar urojo, abin da suke kira fizar Zanzibar, da ruwan rake da citta da lemun tsami. Batun halal ba abin damuwa ba ne sosai a tsibirin da kusan kowa Musulmi ne. Abin dubawa shi ne kifi da jatan lande da aka tara a tebur, don wasu sun kwana ana ɗumamawa. Ka zaɓi abin da za a dafa a gabanka, ka tsayar da farashi kafin a ɗora a wuta.

Murjani da ƙoƙon kunkurun teku da manyan ƙwaryar dodon koɗi na teku, ko an tallata maka kada ka saya, fitar da su laifi ne kuma ana iya ƙwace su a filin jirgi. Dutsen ado na tanzanite kuwa daga Mererani kusa da Arusha ake haƙo shi, kada ka biya kuɗinsa sai a shagon da zai ba ka takardar shaidar ingancinsa da rasit.