Kurosoba Fasif ko Aktif: Wanne Ya Fi Tsabtace Sautin Mota?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa ya sayi amfilifaya mai tasha huɗu, da sifikokin ƙofa masu inci shida da rabi tare da tuwitocinsu, da kuma sabwufa guda mai amfilifayarsa, amma da zarar ya ƙara murya sai sautin ya dagule, ƙofofi su riƙa karkarwa. Yana so ya san ko ya ci gaba da ƙananan akwatunan kurosoba da suka zo tare da sifikokin, ko kuwa ya cire su ya koma tsarin da ake kira aktif.

Malam, aikin kurosoba dai rabo ne. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kimanin Hz 20 zuwa Hz 20,000, kuma sifika guda ba ta iya ɗaukar wannan faɗi duka da kyau, shi ya sa ake tura kakkauran sauti ga sabwufa, matsakaici ga sifikar ƙofa, siriri kuma ga tuwita. Bambancin tsarin biyu yana wurin da ake yin rabon. Fasif yana zama bayan amfilifaya, ba ya buƙatar wutar batir, kuma idan ka buɗe akwatinsa abin da za ka gani shi ne koyil na jan ƙarfe da kapasita, wani lokaci da ɗan rezista na rage kaifin tuwita. Aktif kuwa yana raba sautin tun kafin a ƙara masa ƙarfi, ko a cikin rediyon motar, ko a na'urar sarrafa sauti da ake kira DSP, ko ta maɓallan HPF (mai tare kakkauran sauti) da LPF (mai tare siririn sauti) da ke jikin amfilifaya.

Alherin fasif shi ne kamfanin da ya ƙera sifikar ya riga ya yi maka lissafi, ya zaɓi inda tuwita za ta karɓa, kuma yana ba ta kariya. Tasha biyu sun ishe ka gaba ɗaya, hagu da dama. Aibinsa shi ne ba ya sauyuwa. An lissafa shi ne bisa sifika mai ohm 4 (ohm shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wutar lantarki), saboda haka idan ka ɗaura masa wata mai ohm daban, wurin rabon zai gusa ba tare da ka sani ba. Yana kuma cinye wani kaso na ƙarfin amfilifaya ya mayar da shi zafi. Babban abin da ke damuna da shi a mota shi ne mai ƙera shi bai san inda za ka maƙala tuwitarka ba, alhali sifikar ƙofa tana kusa da idon sawunka, tuwita kuma tana can sama kusa da gilashi.

A nan ne aktif ya yi masa fintinkau. Kowace sifika tana da tasharta, don haka kana iya rage tuwitar da ta fi kusa da kai ita kaɗai, ka zaɓi wurin yanka, ka kuma zaɓi tsananinsa, ko dB 12 ko dB 24 a kowace oktif (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne, oktif kuma ninkin lambar Hz). Da DSP har jinkiri ake sakawa: sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato tazarar santimita 34 daidai take da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma idan aka ɗan jinkirta sifikokin ɓangaren direba sai muryar mawaƙi ta bar ƙofa ta dawo tsakiyar dashbod. Sai dai tashoshinka huɗu duka za su ƙare a gaba, kuma kuskure guda ya isa ya ƙona tuwita. Idan yatsa ya zame ka sa mata Hz 300 a maimakon Hz 3,000, ba za ta daɗe ba. Ƙa'idar da ake bi ita ce a yanke ta a ninki biyu na lambar Fs (wato Hz ɗin da tuwitar ke girgiza a kai bisa ɗabi'arta) da ke takardar bayaninta ko sama da haka, wanda ga yawancin tuwitoci yakan faɗa tsakanin Hz 2,500 da 4,000, sannan masu taka tsantsan sukan bar mata kapasita guda a layi saboda ɓacin rana.

Amma a ganina, abin da ka bayyana ba laifin akwatunan nan ba ne. Fasif ɗin da ke zuwa da irin waɗannan sifikoki yakan raba tsakanin tuwita da sifikar ƙofa ne kawai, ba ya hana kakkauran sauti shiga ƙofa, wanda shi ke sa takardar sifikar ta yi ta fizga har ƙarfen ƙofa ya amsa. Ka kunna HPF na tashoshin gaba a Hz 80, ka sa LPF na sabwufa shi ma a Hz 80, ka saurara. Idan ka ji bes, wato kakkauran sauti, ya yi rami a daidai mahaɗar, ka juya maɓallin fes (mai daidaita motsin sabwufa da na sifikokin ƙofa) daga 0 zuwa 180, ka bar shi a inda ya fi cika. Ka lura kada ka kunna matatar sauti iri ɗaya (HPF ko LPF) a rediyo da amfilifaya lokaci guda, domin yankan zai ninku.

Saura maɓallin gen, wanda mutane da yawa suke ɗauka na ƙara murya ne, alhali aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar da rediyo ke turowa ta wayar RCA, wadda a wasu rediyoyin bolt 2 ce, a wasu 4 ko 5. Idan ya wuce kima, amfilifaya takan datse kan igiyar sautin, kuma wannan datsewar ce kake ji kamar yagewar takarda, ita ce kuma ke dafa koyil ɗin sifika. Ana saita shi da mitar auna wutar lantarki. Ka cire wayoyin sifika, ka kashe duk wani ƙarin bes da ikwalaiza, ka kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, ka kunna sautin gwaji na Hz 1,000 ga tashoshin gaba ko Hz 50 ga sabwufa, ka ɗora mita a ma'aunin AC. Bolt ɗin da kake nema shi ne lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wat na RMS (ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a ɗore) sau ohm ɗin sifika: wat 100 a ohm 4 ya ba da 400, wato bolt 20, wat 75 kuma bolt 17.3. Ka murɗa gen a hankali har allon ya nuna lambar, ka tsaya. Maɓallin ƙarin bes kuwa ka bar shi a sifili, domin ƙarin dB 3 kacal yana neman ninkin wat.

Shawarata gare ka ita ce ka riƙe fasif ɗinka a yanzu, ka yi waɗannan gyare-gyare, ka kuma duba wayar giraun, wato wadda ke haɗa amfilifaya da ƙarfen jikin mota, ta kasance gajera a ɗaure kan ƙarfen da aka kankare fentinsa, musamman idan kana jin wani siririn kuka da ke tashi tare da totur. Idan bayan mako biyu na saurare abin da ya rage yana damunka shi ne murya ta karkata zuwa ƙofarka, ko tuwitar ɓangarenka tana huda maka kunne, to lokacin sayen DSP da komawa aktif ya yi, kuma tashoshi huɗun da kake da su sun isa aikin tunda sabwufa yana da amfilifayarsa.